Gane bakteriya ta hanyar karanta jinom ɗinta: tambayoyi da amsoshi

Mene ne jinom ɗin bakteriya, kuma me ake nufi da karanta shi?

Jinom shi ne ɗaukacin DNA da ke cikin ƙwayar halitta, kundin gadon da take miƙa wa 'ya'yanta duk sanda ta rabu biyu. An gina shi da sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A, C, G da T, kuma karanta jinom shi ne gano yadda haruffan nan suka jeru daga farko zuwa ƙarshe. A cikin jeren akwai gaɓoɓin gado, kowace gaɓa da umarnin ƙera wani furotin ko gudanar da wani aiki.

Na bakteriya ƙarami ne idan aka gwada shi da na ɗan Adam mai haruffa biliyan 3. Ƙwayar sanƙarau tana da kusan miliyan 2.2, ta tarin fuka miliyan 4.4, *Escherichia coli* irin ta ɗakin gwaji miliyan 4.6. Galibinsu zobe guda ne na DNA, amma ƙwayar kwalara zobe biyu gare ta. Bayan babban zoben, da yawa suna riƙe da wasu ƙananan zobba da ake kira filasmid, waɗanda suke musayarsu da junansu, kuma a nan ne sau da yawa ake samun gaɓoɓin bijire wa magani.

Jinom na farko da aka kammala na halitta mai rayuwar kanta shi ne na *Haemophilus influenzae*, a 1995, a cibiyar TIGR ta Amurka, ƙarƙashin Craig Venter da Hamilton Smith. Haruffa miliyan 1.8 ne, kuma a lokacin babban labari ne. Yau injin guda yana karanta ɗaruruwan irinsa a zama ɗaya.

Kafin nan da me ake gane su?

Da kamanni da ɗabi'a. Tun da Antonie van Leeuwenhoek ya fara hango su a madubinsa a Holan cikin shekarun 1670, abin da ido ya gani ake bi: wannan dunƙulalliya ce, wannan sanda, wannan murɗaɗɗiya. A 1884 Hans Christian Gram ya ƙirƙiro rinin da har gobe ake amfani da shi a kowane ɗakin gwaji na asibiti, mai raba su gida biyu, masu riƙe shunayya da masu sakinta. Daga nan sai a raini ƙwayar a faranti, a ba ta sukari iri-iri a ga wanda take ci, a duba ko tana fitar da iska, ko tana rayuwa ba tare da iskar shaƙa ba.

Hanyar ta yi aiki, kuma har yanzu ita ce ƙashin bayan binciken asibiti. Matsalarta irin ta mai gane asalin mutum da tsagen fuska ce: tsagen yana faɗin wani abu, amma baƙo na iya ɗaukar tsagen gari, ɗan gari kuma ya tashi babu shi, sai an bi salsala a san gaskiya. Ƙwayoyi da ba su haɗa komai ba suna iya kama da juna a faranti, 'yan gida ɗaya kuma su fito da halaye mabambanta saboda gaɓa ɗaya ta ɓace wa ɗayansu.

Ina yawan ganin "16S" a ayyukan ɗalibai. Shi ne karanta jinom?

A'a, gaɓa ɗaya ce kawai, mai haruffa kusan 1,500, daga cikin miliyoyi. Tana cikin umarnin ƙera ribosom, injin da kowace ƙwaya ke haɗa furotin da shi, don haka babu bakteriyar da ba ta da ita. Wasu sassanta ba sa canzawa sam, wasu tara kuma suna canzawa a hankali, shi ya sa ta dace da auna nisan zumunci.

Carl Woese na Jami'ar Illinois ne ya ɗora ta a wannan matsayi. A 1977 shi da George Fox suka nuna cewa wasu ƙwayoyi masu fitar da iskar metan, waɗanda kowa ya ɗauka bakteriya ne, wani babban reshe ne na daban. Su ne ake kira akiya yanzu. Wannan binciken ya sauya taswirar halittu gaba ɗaya.

Amma 16S tana da iyaka, kuma ɗalibai da yawa ba a gaya musu. Takan kai ka ga sunan gida, wato kalmar farko ta sunan Latin, sau da yawa kuma ta gaza a sunan jinsi. An daɗe ana cewa kamanni ƙasa da kashi 97 cikin 100 na nufin jinsi daban, daga baya aka ɗaga zuwa kusan 98.7. Sai dai wuce wannan ma'auni bai tabbatar da jinsi ɗaya ba. Ɗauki daddawa: ƙwayoyin da ke ruɓar da kalwa har ta yi wannan yauƙi da ƙamshi 'yan rukunin *Bacillus subtilis* ne, kuma a rukunin akwai *B. amyloliquefaciens* da *B. velezensis* waɗanda 16S ɗinsu kusan ɗaya ce. Haka *Bacillus anthracis* mai kashe shanu da mutane, da *B. cereus* mai lalata abinci, da *B. thuringiensis* da manoma ke fesa wa tsutsa. A 16S da kyar ka raba su, alhali abin da ya sa ta farkon ta zama makashiya filasmid biyu ne da take ɗauke da su. Duk wanda ya rubuta sunan jinsi na *Bacillus* da hujjar 16S kaɗai ya faɗi fiye da abin da ya gani.

To da cikakken jinom, ta yaya ake yanke cewa ƙwayoyi biyu jinsi ɗaya ne?

Tsohuwar hanya ita ce a narka DNA na ƙwayoyin biyu a kwalba, a gauraya, a ga yadda igiyoyinsu ke manne wa juna. A 1987 wani kwamitin masana ya tsayar da cewa mannewar kashi 70 zuwa sama jinsi ɗaya ne. Aiki ne mai wahala, ɗakunan gwaji kaɗan ne suka iya shi, kuma sakamakon wannan ɗaki ba lalle ya yi daidai da na wancan ba.

Yanzu kwamfuta ke yi, da ma'aunin da ake kira ANI. Ana yanka jinom ɗaya gutsi-gutsi, a nemo takwaran kowane gutsure a ɗaya jinom ɗin, a ƙirga haruffan da suka dace, a fitar da matsakaici. Konstantinidis da Tiedje suka gabatar da shi a 2005, aka kuma gano cewa kashi 95 zuwa 96 na ANI ya yi daidai da tsohon kashi 70. Wani bincike na 2018 da ya gwada jinom kusan 90,000 ya nuna abin sha'awa: yawancin ƙwayoyi ko dai sun haura kashi 95 a kamanni, ko suna ƙasa da 83, tsakanin nan kusan fili ne. Ke nan layin yana da tushe a halitta, ba zaɓin son rai ne zalla ba.

Duk da haka, mutane ne suka ja shi. Jinsi a bakteriya ya fi jinsi a dabbobi faɗi nesa ba kusa ba. Da za a ɗora ma'aunin 95 a kan dabbobi, da mutum da birin cimfanzi sun faɗa suna ɗaya.

Don matakan da ke sama da jinsi, ANI ba ya aiki sosai. Can ana ɗaukar gaɓoɓi da yawa da kusan kowace bakteriya ke da su, a jera su, a zana bishiyar zumunci. Rumbun GTDB da masanan Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka buɗe a 2018 yana amfani da furotin 120.

Idan suna ɗaya ne, halinsu ɗaya ke nan?

Ko kusa. *E. coli* tana cikin hanjin kowa ba ta cutar da shi, kuma *E. coli* ce ke kashe yara da gudawa da lalata ƙoda. Irin da ake kira O157:H7 ya fi na ɗakin gwaji da haruffa kusan miliyan guda. A 2002 da aka gwada jinom na iri uku, furotin da dukkansu suka yi tarayya a kai bai kai kashi 40 cikin 100 ba. Dalili shi ne bakteriya ba daga uwa kaɗai take gado ba. Tana tsintar DNA daga muhalli, tana karɓar filasmid daga maƙwabciya, bairos ma yana shigo mata da gaɓoɓi.

Annobar Jamus ta 2011 ta nuna haka ƙarara. Wani irin *E. coli*, O104:H4, ya kwantar da mutane kusan 4,000, ya kashe fiye da 50, abin ya fi tsanani a yankin Hambug. Cibiyar BGI ta Sin ta karanta jinom ɗin cikin 'yan kwanaki ta sake shi a intanet, masana daga ƙasashe daban-daban suka rufar masa. Aka ga cewa ƙwaya ce mai manne wa bangon hanji wadda bairos ya ƙara mata gaɓar wani dafi da ake kira Shiga, haɗin da ba a saba gani ba. Amma a lura da abu ɗaya: jinom ya faɗi ko wace ce, bai faɗi inda ta fito ba. Da farko an ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, manoma suka yi asara mai yawa. Tambayar marasa lafiya abin da suka ci da bin diddigin girkin gidajen abinci ne suka kai ga tsiron hulba, wanda aka shigo da irinsa daga Masar.

Yaya aikin yake, daga samfur zuwa suna?

A ce an kawo ruwan ƙashin bayan yaron da ake zargin sanƙarau. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji za ta shafa shi a farantin jini ko na cakulan, wato jinin da aka dafa har ya yi launin cakulan, ta sa a ɗumi na digiri 35 zuwa 37, washegari ta duba. Idan ƙwayar ta tsiro, sai ta tsinci ɗigo guda tak ta sake shafawa a sabon faranti, don ta tabbata iri ɗaya take riƙe da shi. Wannan matakin da ake rainawa shi ne ginshiƙin komai.

Daga nan a fasa ƙwayoyin a tace DNA, a auna yawansa, a shirya shi don inji. Injinan Illumina suna karanta gajerun gutsattsari, haruffa 150 zuwa 300, miliyoyinsu, da kuskure kaɗan. Na Oxford Nanopore, irin MinION da ya fito a 2014 wanda bai fi ƙaramar waya ba kuma ake jona shi da kwamfutar cinya, yana zaro igiyar DNA ta wani ɗan rami yana karanta haruffa dubbai a jere. Ana so a karanta kowane wuri sau 30 ko fiye, don kuskuren wannan karatu ya gyaru da na wancan.

Sai manhaja irin SPAdes ta haɗa gutsattsarin ta hanyar nemo inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan. A duba tsabtar sakamakon, sannan a gwada shi da jinom na ƙwayoyin da aka riga aka sani a rumbuna irin GenBank. Idan komai na nan a hannu, kwana biyu zuwa mako ya isa. Idan sinadaran aiki suna maƙale a tashar jirgi, ko wuta ta ɗauke firji ya huce, sai yadda hali ya yi.

Me ya sa sunaye ke ta canzawa? Abin da na haddace a makaranta ya tashi aiki?

Wasu sun tashi, kuma jinom ne sila. Da aka zana bishiyar zumunci da cikakkun bayanai, sai aka tarar gidaje da yawa tarkace ne aka tara a ciki. Gidan *Lactobacillus*, wanda 'ya'yansa ke cikin masu tsamar da nono da kamu da kunun zaƙi, ya ƙunshi jinsuna fiye da 250 da wasunsu ba su da kusanci. A 2020 aka raba shi gida 25. *Lactobacillus plantarum* ta koma *Lactiplantibacillus plantarum*, *L. fermentum* ta koma *Limosilactobacillus fermentum*. An yi dabarar barin da yawa daga cikin sababbin sunayen su fara da harafin L don gajarcewar ta zauna yadda take. *Clostridium difficile* ta zama *Clostridioides difficile* a 2016. A 2021 manyan rassa ma suka sami sababbin sunaye: Firmicutes ta zama Bacillota, Proteobacteria ta zama Pseudomonadota.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne inda aka ƙi canzawa. A ma'aunin jinom, *Shigella* mai jawo atini *E. coli* ce, amma an bar mata sunanta don likitoci sun san abin da yake nufi a gadon asibiti. *Yersinia pestis*, ƙwayar annobar da ta share Turai a ƙarni na 14, reshe ce ta *Y. pseudotuberculosis* mai ciwon ciki kawai, kuma ba wanda zai yarda a haɗe su a takardar sakamako. Da aka shigar da gidan *Ochrobactrum* cikin *Brucella* a 2020, masana cutar burusela suka yi ca, don ganin kalmar *Brucella* a sakamako na sa likita ya fara dogon magani, ma'aikatan ɗakin gwaji kuma su shiga fargabar sun kamu.

A ganina masu ƙorafin suna da gaskiya a nan. Suna yana da aiki biyu, nuna zumunci da gargaɗin haɗari, kuma idan suka ci karo a asibiti, ran mara lafiya ya kamata a duba. Ɗalibi kuwa ya riƙa leƙa rumbun sunayen bakteriya na LPSN kafin ya rubuta suna, ya kawo sabon da tsohon a ambaton farko.

Wa ke da ikon raɗa wa sabon jinsi suna?

Wanda ya gano shi, bisa sharuɗɗan kundin ƙa'ida na duniya da ake kira ICNP. Dole ya raini ƙwayar ita kaɗai, ya ajiye ta da rai a rumbunan ajiya biyu a ƙasashe biyu, irin DSMZ ta Jamus ko ATCC ta Amurka, don kowa ya iya nema ya gwada. Sunan kuma sai ya bayyana a mujallar IJSEM. Yanzu ana buƙatar jinom ɗin a haɗa da shi.

Waɗanda ba sa tsirowa a faranti fa?

Su ne mafiya yawa. An daɗe da lura cewa abin da ake ƙirgawa a madubi daga ƙasa ko ruwa ya ninka abin da ke tsirowa a faranti sau ɗaruruwa. Yanzu ana ɗebo ƙasar gona ko ruwan rijiya ko abin cikin tumbin saniya, a tace DNA na duk abin da ke ciki a karanta a haɗe, sannan kwamfuta ta rarraba gutsattsarin zuwa jinom daban-daban. A 2017 wani aiki guda ya fitar da jinom kusan 8,000 ta wannan hanya. Jinsunan da ke da ingantaccen suna sun haura 20,000, amma waɗanda GTDB ta ware sun wuce 100,000, mafi yawansu lamba ce kawai ke gare su a madadin suna.

Tunda ICNP ba ta karɓar abin da ba a raina ba, akan sa musu *Candidatus* a gaban suna, alamar na wucin gadi ne. Wasu masana suka gaji da jira, a 2022 suka kafa nasu kundin, SeqCode, wanda ya yarda jinom ya tsaya a madadin ƙwaya mai rai. Har yanzu ɓangarorin biyu ba su daidaita ba.

Wannan ilimi ya taɓa amfanar yankinmu kuwa?

Sanƙarau ne misalin da ya fi kusa. Sanin cewa ƙwayar *Neisseria meningitidis* ce bai wadatar ba, don tana da rukunoni gwargwadon rigar sukarin da ke lulluɓe da ita, kuma rigakafi rigar yake bi. Rukunin A ne ya yi ɓarnar 1996 a Kano da sauran arewa. Hanyar MLST ma, mai ba kowane tsatso lamba bisa gaɓoɓi bakwai, a kan wannan ƙwayar aka fara ƙirƙiro ta a 1998.

Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar, Najeriya kuma daga 2011, ya kusan shafe rukunin A. Sai a 2013 wani sabon tsatso na rukunin C ya ɓulla a Sakkwato, aka ba shi lamba ST-10217. A 2015 ya kwantar da fiye da mutum 8,000 a Nijar, Yamai na cikin inda ya fi tsanani. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya tashi daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, aka ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Tambayar da kowa ke yi ita ce daga ina ya zo. Binciken jinom da aka buga a 2018 ya nuna ba baƙo ba ne daga wata nahiya. Kakarsa ƙwaya ce marar riga da ke zaune a maƙogwaron mutanen yankin ba ta cutar da kowa, sai ta karɓi gaɓoɓin ƙera rigar C da wasu na cutarwa daga 'yan'uwanta. Darasin a fili yake: kawar da rukuni ɗaya bai rufe ƙofa ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kare rukunoni biyar, A, C, W, X da Y.

Kwalara ma haka. An daɗe ana ɗauka cewa ƙwayar tana kwance a ruwayenmu, damina ke tayar da ita. Wani bincike na 2017 da ya karanta jinom fiye da 1,000 ya nuna cewa manyan annobar Afirka tun 1970 daga Asiya aka shigo da su, aƙalla sau 11, kowane tsatso ya yi shekaru yana yawo tsakanin ƙasashe ta hanyar mutane. Wannan yana nufin sa ido a kan iyakoki da musayar bayani tsakanin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru ba ƙaramin abu ba ne.

A tarin fuka kuwa, Afirka ta Yamma tana da tsatsonta biyu, na 5 da na 6, waɗanda aka sani da *Mycobacterium africanum*. Su da *M. bovis* ta shanu, wadda ake iya ɗauka ta madarar da ba a dafa ba, duk jinsi ɗaya ne da *M. tuberculosis* a ma'aunin jinom. Amma bambancewar tana da amfani ga likita, don *M. bovis* ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga magunguna huɗu na farko.

Zai iya nuna wanda ya shafa wa wani cuta?

Yana iya nuna cewa ƙwayoyin mutum biyu 'yan tushe ɗaya ne na kusa, ta ƙirga haruffan da suka bambanta. Ƙwayar tarin fuka tana canza kusan harafi guda a shekara biyu, don haka masu bincike a Ingila suka ɗauki bambancin haruffa 5 zuwa ƙasa a matsayin alamar yaɗuwa ta kwanan nan, fiye da 12 kuma alamar babu alaƙa ta kai tsaye. Amma wa ya ba wa, ko wani na uku ne ya ba su duka, wannan sai an haɗa da sanin wanda ya zauna da wa, kuma yaushe.

A matakin ƙasa hujjar takan yi nauyi. Kwalara ta ɓarke a Haiti a Oktoban 2010 a bakin kogin Artibonite, ta kashe kusan mutum 10,000. Jinom ya nuna ƙwayar kusan ɗaya ce da wadda ke yawo a Nepal a shekarar, inda wata rundunar sojojin kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito. Majalisar ta daɗe tana musu, sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen Haiti.

Jinom zai faɗa wa likita maganin da zai yi aiki?

A wasu ƙwayoyin, sosai. Tarin fuka ne kan gaba: rainonsa na cin makonni, gwajin magani ya ƙara wasu, alhali canji a gaɓar *rpoB* na nuna bijire wa maganin rifampicin, a *katG* kuma maganin isoniazid. Injin GeneXpert da ke asibitocinmu wani yanki na *rpoB* ɗin yake dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin irin waɗannan canje-canje a 2021, ta sabunta a 2023, Ingila kuma tun 2017 take karanta jinom ɗin tarin fuka a aikin yau da kullum.

A wasu kuwa hasashe ne mai kyau, ba hukunci ba. Gaɓa na iya kasancewa amma ba ta aiki. A mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022, dafin da ke kisa daga wata gaɓa yake da bairos ya shigar wa ƙwayar, kuma akwai irin da ke ɗauke da gaɓar amma ba sa fitar da dafin, shi ya sa ake tabbatarwa da gwajin Elek. Sannan manhaja abin da aka riga aka sani kawai take ganewa. Sabuwar dabarar bijirewa, kamar yadda gaɓar *mcr-1* ta kasance kafin a gano ta a Sin a 2015, sai faranti ya fara tona ta.

Zan iya zuwa asibiti in ce a yi mini wannan maimakon gwajin Widal?

A yanzu, a'a, kuma ba shi kake buƙata ba. Widal gwaji ne na 1896 mai duba martanin jini, kuma a inda taifot ya zama ruwan dare yakan nuna akwai cuta ga wanda ba shi da ita. Abin da ya kamata ya maye gurbinsa shi ne rainon jini, a ga ƙwayar ido da ido, a gwada ta da magunguna. Jinom yana zuwa ne bayan nan, don hukumomi su san tsatson da ke yawo. Ta haka aka gane taifot mai bijire wa kusan duk magungunan sha da ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan a 2016.

A nan matsalarmu take. Injinan sun ƙaru tun zamanin korona: akwai cibiyar ACEGID a Ede ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Abuja, rukunin Farfesa Iruka Okeke a Jami'ar Ibadan da ya daɗe a kan bakteriya masu bijire wa magani, da CERMES a Yamai mai bin diddigin sanƙarau. Amma inji ba ya karanta abin da ba a ɗauko ba. Mara lafiya yakan sha magani daga kemis kafin ya iso asibiti, ƙwayar ta ƙi tsirowa. Asibitoci da yawa ba su da kwalaben rainon jini. Ƙwayar sanƙarau kuma ba ta jure zafi da doguwar tafiya, takan mutu a hanya kafin samfur ya isa. Kuɗin da za a kashe a kan faranti, firji mai aiki da horar da ma'aikatan ɗakin gwaji na jiha ya fi sabon inji a babban birni amfani.

A ina kuskure ya fi shigowa?

Gurɓata ce ta farko. Idan ƙwaya biyu suka haɗu a faranti, manhaja za ta haɗa jinom ɗin da babu shi a duniya. Alamar ita ce girma: kana jiran haruffa miliyan 5 sai ka ga 9. Manhajar CheckM tana duba wannan, kuma ma'aunin da aka saba shi ne cikar da ta haura kashi 90 da gurɓatar da ba ta kai 5 ba.

Na biyu, rumbun da kake gwadawa da shi. Kowa na iya ɗora jinom a GenBank da sunan da ya ga dama, kuma akwai masu sunan kuskure. Don haka a gwada da jinom na ƙwayar asali da aka raɗa sunan a kanta, kamar yadda shafin TYGS ke yi. Ga kuma gibin wakilci: yawancin abin da ke rumbunan daga Turai, Amurka da Sin ya fito. Ƙwayar da aka ciro daga saiwar wake a Maraɗi ko daga kindirmo a Yola tana iya rasa dangi na kusa a ciki, manhaja ta liƙa mata sunan mafi kusa ko da nesa ne. Kullum a duba adadin ANI, kada a tsaya ga sunan da ya fito a saman jeri.

Ni ɗalibi ne, ba mu da inji a makarantarmu. Ta ina zan fara?

Ba sai da inji ba. Jinom dubbai suna nan kyauta a GenBank da ENA. Sauko da na *E. coli* guda biyu da na *Shigella* guda, ka gwada su da FastANI, ka ga da idonka yadda duka suka haura 95. Sannan ka ɗora ɗaya a ResFinder ka ga gaɓoɓin bijire wa magani, ko ka sa na *Salmonella* Typhi a Pathogenwatch ka ga inda ya faɗa a bishiya. Shafin Galaxy yana ba da damar haɗa jinom ta burauza ba tare da babbar kwamfuta ba, data kawai zai ci. Ka koyi ɗan umarnin Linux, don yawancin manhajojin da shi suke aiki. Idan kuma aikinka na ƙarshe ya ƙunshi ƙwayoyin da ka raina da kanka, ka adana su a gilisarin cikin firji mai tsananin sanyi, ka rubuta wuri da rana da abin da aka ciro su daga ciki, domin cibiyoyin da ke da inji sukan karɓi samfur daga waje idan bayanansa sun cika.